Allurar da ke ceton rai ta tafi da ji: ina aka kwana a binciken sinadaran raino?

Kawuna tela ne, kuma a da mutum ne da ko allurar ɗinki ce ta faɗi ƙasa a shagonsa sai ya waiga. Shekarun baya tarin fuka ya kama shi, irin mai taurin kan nan da ba ya jin ƙwayoyin da aka saba bayarwa, aka ɗora shi kan allura kullum ta Allah har tsawon watanni. Alhamdulillahi ya warke, tarin ya tafi, ƙibarsa ta dawo. Amma tun kafin a gama alluran ya fara cewa kunnensa na masa wani kuka kaman na gyare, dare da rana ba ya tsayawa, daga baya kuma gyaren gaskiyan ma ya daina jin shi. Idan ka ce masa "Kawu, a fara?" sai ya ce "a share me?" Abin da ya fi ci masa rai shi ne mutane suna ɗaga masa murya, shi kuma yana ta faɗa musu cewa ba ƙarar ce ba ya ji ba, yana jin ana magana sarai, ganewa ne ba ya yi, musamman in mace ce ko yaro ke maganar.

Wannan abin ne ya sa na nace da karance-karance kan yadda irin waɗannan allurai ke ɓata kunne, har na ci karo da wani fanni na bincike da aka shafe kusan shekara talatin ana yi, wato amfani da wasu furotin na jiki, waɗanda zan riƙa kira sinadaran raino, don a kare ƙwayoyin ji daga dafin magani. Magana ce mai daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta, amma tana da sarƙaƙiya sosai, shi ya sa nake so mu bi ta a hankali.

Mu fara da kunnen kansa. Abin da muke gani a waje da ramin da ake sa tsinken auduga duk ƙofar gida ce kawai. Bayan dodon kunne akwai wasu 'yan ƙasusuwa guda 3, bayansu kuma can cikin ƙashin kai akwai wani abu a naɗe kaman katantanwa, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, cike yake da ruwa. A cikin katantanwar nan ne ƙwayoyin ji suke a jere, kowace da wasu 'yan tsirarun gashi a kanta, shi ya sa ake ce musu ƙwayoyin gashi duk da ba gashi ba ne irin na kai. Layi ɗaya na ciki, wajen guda 3,500, su ne ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, sai layi uku na waje, wajen guda 12,000, su kuma aikinsu ƙara wa sauti ƙarfi da tace shi, kaman amfilifaya. Duka-duka ba su wuce dubu 15 zuwa 16 ba a kowane kunne. Da su aka haife ka, kuma da abin da ya rage daga cikinsu za a kai ka kabari, don a jikin ɗan Adam idan ɗaya ta mutu ba ta da magaji. Fata in ta yanke tana haɗewa, hanta tana toho, jini kullum sabo ake yi, amma ƙwayar ji in ta tafi ta tafi kenan.

Kuma jerin nasu yana da tsari. Na bakin katantanwar su ke jin siririn sauti, na can ƙuryar ciki su ke jin mai kauri. Dafin magani daga baki yake fara ci, kuma 'yan layin waje yake fara kashewa. To ka ga dalilin da ya sa kawu ya rasa kukan gyare tun farko, sannan sara da fara da shara da tsara duk suka koma masa abu ɗaya, don bambancinsu yana cikin wannan siririn huci na s da f da sh da ts, wasulan kuma masu kauri ne, su yana jin su lafiya lau. Wani abin takaicin ma shi ne ɓarnar tana farawa ne daga sautin da ya fi na magana tsini nesa ba kusa ba, saboda haka mutum zai iya yin makonni ana cin kunnensa bai sani ba, ranar da zai ce "ba na ji sosai" an riga an yi nisa.

Magungunan da ake magana a kansu dangi ɗaya ne, ana ce musu aminogilaikosaid. Babbansu shi ne sitireftomaisin, wanda Albert Schatz ya gano a 1943 a ɗakin binciken Selman Waksman a jami'ar Rutgers ta Amurka, daga wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin ƙasa. Shi ne magani na farko da ya yi wa tarin fuka aiki na gaske, har aka ba Waksman kyautar Nobel a 1952. Amma tun gwajin farko-farko, wajen 1945, likitoci suka lura masu shan allurar suna jiri suna tangaɗi. Daga baya aka samu niyomaisin a 1949, kanamaisin daga Japan a 1957, jentamaisin a 1963, sai amikasin a farkon shekarun 1970. Jentamaisin ɗin shi ne wanda 'yan kemis ke ce wa jenta, kuma ina jin da wuya a samu gidan da ba a taɓa yi wa wani ba a cikinsa.

Kada wani ya fahimce ni a baibai, waɗannan magunguna ne masu daraja. Suna da araha, suna da ƙarfi, suna kashe ƙwayoyin cutar da wasu magungunan ba sa iyawa. Jaririn da cuta ta shiga jininsa a kwanakin farko na haihuwa, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba shi shi ne jenta haɗe da ampisilin ko fenisilin, kuma babban gwajin da aka yi a ƙasashen Afirka uku wanda aka wallafa a 2015, na yadda za a sauƙaƙa wannan magani ga jariran da ba za a iya kai su babban asibiti ba, har da Zariya cikin wuraren da aka yi shi. Allah kaɗai ya san yawan yaran da ke yawo yau saboda wannan allura. Likita dai yana tsaka mai wuya ne, gaba kura baya sayaki, in bai ba da maganin ba rai zai salwanta, in ya bayar kuma akwai ƙoda da kunne da zai riƙa tunani.

Ba duka suke ɓarna iri ɗaya ba. Kanamaisin da amikasin da niyomaisin sun fi cin ɓangaren ji, jenta da sitireftomaisin kuma sun fi cin ɓangaren da ke riƙe wa mutum daidaito, don shi ma a cikin kunnen yake kuma irin waɗannan ƙwayoyin gashin ne ke aiki a wurin. Akwai wani likita a Amurka da ya rubuta labarin kansa a 1952 bayan sitireftomaisin ya kashe masa wannan ɓangare, ya ce ko karatu ya gagare shi, don bugun zuciyarsa kaɗai ya isa ya girgiza kansa haruffa su riƙa tsalle, sai ya maƙale kansa tsakanin ƙarafan gado kafin ya iya karanta takarda. Irin wannan a wajenmu sai a ce hawan jini ne ko iska, ba wanda zai tuna da allurar da aka yi sati uku da suka wuce.

To ta yaya maganin da aka yi a ɗuwawu ko a jijiya ke isa can? Yana bin jini, ya ratsa wani shinge da ke tsakanin jini da ruwan cikin katantanwa, ya shiga ruwan. A saman waɗannan 'yan gashin akwai wasu ƙananan ƙofofi da ke buɗewa duk sanda sauti ya kaɗa su, ta nan sinadarin fotasiyam ke kwarara ciki ya zama saƙon lantarki, wannan shi ne ji ɗin kansa. A 2005 masu bincike a Ingila da Holan suka nuna cewa maganin ta wannan ƙofar yake bi ya shige, kuma shigarsa ta fi fitarsa sauƙi, kaman kifi a cikin gora. Sai ya taru, ya yi watanni a ciki bayan jini ya daɗe da wanke nasa, shi ya sa wani sai bayan an gama allura da daɗewa jin nasa ke ci gaba da raguwa. A ciki kuma yana haɗuwa da sinadarin ƙarfe ya haifar da wasu abubuwa masu ƙuna da ke cin ƙwayar kaman yadda tsatsa ke cin kwano, sannan ya kai hari kan 'yan injinan da ke ba ƙwaya wuta, wato mitokondiriya. Dalilin wannan kuwa shi ne injinan nan asalinsu sun yi kama da ƙwayoyin cutar bakteriya, masana'antar haɗa furotin ɗinsu kusan iri ɗaya ce, to maganin da aka ƙera don ya toshe ta bakteriya wani lokacin ba ya bambancewa.

Ga inda maganar ta fi muhimmanci. Ƙwayar ba fashewa take yi nan take ba. Idan wahala ta yi mata yawa akwai wani tsari a cikinta da take kunnawa da kanta, ta rufe komai a hankali ta narke, maƙwabtanta su toshe gurbin da tabo. Wato kisan yana da matakai, yana ɗaukar lokaci, kuma duk abin da ke da matakai ana iya tare shi a hanya. A nan sinadaran raino suka shigo.

Su waɗannan furotin ne ƙanana da jiki ke yi da kansa, saƙo ne da wata ƙwaya ke aika wa wata, ta ce mata ki girma, ki rabu biyu, ko kuma kawai ki zauna da rai ana bukatarki. Wadda ta fara gano irinsu wata baiwar Allah ce 'yar Italiya, Rita Levi-Montalcini, wadda dokokin Mussolini, mai mulkin Italiya a lokacin, suka kora daga jami'a saboda Bayahudiya ce, ta kafa ɗan wurin bincike a ɗakin kwananta lokacin yaƙin duniya na biyu tana aiki da ƙwan kaji. Daga baya a Amurka ita da Stanley Cohen suka ware sinadarin da ke sa jijiya toho, aka ba su Nobel tare a 1986. Bayan gano wannan sinadari aka yi ta gano 'yan uwansa, BDNF a 1982, NT-3 a 1990, GDNF a 1993, ga kuma IGF-1 da FGF-2 da HGF. Kuma an tabbatar kunne na dogara da su tun yana ciki, ɓerayen da aka cire musu BDNF da NT-3 jijiyoyin kunnensu na ciki ba sa rayuwa, sannan a 1996 likitoci a Landan suka ba da rahoton wani yaro da jikinsa ba ya yin IGF-1 kwata-kwata, bai girma yadda ya kamata ba, kuma kurma ne. To sai tunani ya zo, tunda su ne suka raini kunnen tun farko, me zai hana a kira su su tsaya masa ranar da dafi ya shigo?

Shekarar 1996 an samu sakamako biyu da har yau nake ganin sun taƙaita dukkan labarin. A San Diyego, ɗakin binciken Allen Ryan ya ciro sashen ji na jariran ɓera aka raine shi a cikin faranti, aka zuba masa maganin, waɗanda aka sa wa FGF-2 ƙwayoyin gashinsu sun fi tsira. A Suwidin kuma, a cibiyar Karolinska, Patrik Ernfors da Barbara Canlon da abokan aikinsu suka yi da dabba mai rai, ɓeran Masar, suka ba shi amikasin suna ɗiga masa NT-3 cikin kunne. Mafi yawan jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo zuwa ƙwaƙwalwa sun tsira, amma ƙwayoyin gashin ba su samu wannan kariyar ba. Wato an ceci wayar lantarki, makirfon ɗin kuma ya ƙone. Mutane da yawa in sun ji an ce sinadari kaza yana kare kunne ba sa tambayar wane ɓangare na kunnen, alhali nan ne bambancin yake, don BDNF da NT-3 gwanayen jijiya ne, ba lallai su iya da ƙwayar gashi ba.

A 1999 ƙungiyar Yehoash Raphael a jami'ar Michigan ta zo da wata dabara, maimakon a yi ta ɗiga furotin, sai suka ɗauki wata ƙwayar bairos da aka cire wa dafi suka ɗora mata umarnin yin GDNF suka sa a kunnen ɓeran Masar, kunnen ya riƙa haɗa abinsa da kansa, kuma ƙwayoyin gashi da yawa sun tsira idan aka kwatanta da kunnen da ba a yi wa ba. Amma waɗanda suka fi kowa nacewa a ganina su ne 'yan jami'ar Kyoto a Japan, su Juichi Ito da Takayuki Nakagawa. Sun nuna HGF na kare ƙwayoyin, sannan a 2013 suka bi diddigin yadda IGF-1 ke aiki a sashen ji na jariran ɓera da aka zuba wa niyomaisin. Abin da suka gani shi ne yana kunna wasu hanyoyin saƙo guda biyu a cikin ƙwaya, masana na kiransu Akt da ERK, waɗanda ke danne wancan tsarin kashe kai, kuma ba ƙwayar gashin kaɗai yake taɓawa ba, har da ƙwayoyin da ke kewaye da ita suna tallafe ta, kaman dai a ce ba mara lafiya kaɗai aka ba abinci ba har da masu jinyarsa.

Sun ma kai abin ga mutane, kodayake ba kan dafin allura ba. Sun haɗa IGF-1 da wani abu mai kama da ƙullun jelatin, su ɗan tsaga dodon kunne su ajiye shi kan wata 'yar tagar fata da ke bangon katantanwa, yana narkewa yana tsatsafowa ciki a hankali. Sun gwada shi kan masu kurumtar farat ɗaya waɗanda maganin da aka saba bai yi musu aiki ba, a 2014 suka wallafa gwaji na mutum 120. Waɗanda aka sa wa IGF-1 sun ɗan fi samun sauƙi, kuma bai cutar da su ba, sai dai a kan babban ma'aunin da aka tsara gwajin a kansa tazarar ba ta kai yadda za a bugi ƙirji a ce ba dace ba ne. Iyakar inda aka kai kenan, kuma shi ya fi kowanne kusa da gadon asibiti.

Me ya sa abin da ya yi kyau haka a faranti ya kasa fitowa kasuwa shekara kusan talatin? Ni dai ga abin da na fahimta. Babbar matsala ita ce isar da saƙon. Furotin, ko da ƙarami ne, babba ne in aka kwatanta shi da maganin yau da kullum, kuma mai saurin lalacewa ne, in ka sha ciki zai narkar da shi kaman nama, in ka yi allurarsa a jijiya wancan shingen da ya bar dafi ya wuce shi ba zai bar shi ba. A dabba ana huda ƙashi a dasa ɗan famfo yana ɗiga maganin makonni, to wa zai yarda a huda masa kunne mai lafiya don rigakafin abin da mai yiwuwa ma ba zai same shi ba? Ka tuna ba kowa ne allurar ke kurumtawa ba, da yawa suna gamawa lafiya. Kuma ka dubi su waye masu bukatar, jariri ɗan kwana 3 da ke numfashi sama-sama, ko mai tarin fuka da ya rame ya zama ƙashi da rai, ba mutanen da za a kai tiyatar kunne biyu ba ne.

Sai maganar lokaci. A yawancin gwaje-gwajen nan ana sa sinadarin ne kafin dafin ko tare da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ita cuta ba ta sallama, ranar da aka kawo mara lafiya ranar ake fara allura. In kuma ƙwayar ta riga ta mutu to ihu ne bayan hari, sinadarin raino yana hana mutuwa ne, ba ya tayar da matacce. Wannan ya kamata duk mai ɗan uwa kurma ya sani, don kada wani ya zo ya sayar masa da ruwan kwalba da sunan yana farfaɗo da ji. Sannan akwai tambayar me zai faru in an daina, wani bincike a Melbon ta Ostireliya a 2003 ya nuna jijiyoyin da BDNF ya raya sun zube da sauri bayan an janye shi, duk da wasu da suka biyo baya sun ga amfanin yana ɗan jimawa. Ga kuma fargabar da ba a raina ta, abin da ke ce wa ƙwaya kada ki mutu, ki hayayyafa, shi ne dai irin saƙon da ciwon daji ke so, shi ya sa ba wanda ke son a watsa IGF-1 cikin jini gaba ɗaya na dogon lokaci ba tare da dalili mai ƙarfi ba. Kuma ba a kunne kaɗai aka sha wannan ba, an gwada BDNF kan wata cutar shanyewar jijiya, an gwada GDNF kan cutar karkarwa ta Parkinson, duka sun yi kyau a dabba suka kasa cika alkawari a manyan gwajin mutane.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne kunnen jaririn ɓera ba kunnen babban mutum ba ne. Ɓera ana haifarsa bai fara ji ba, sai ya yi wajen sati biyu, saboda haka abin da ake sakawa a faranti kunne ne da bai gama nuna ba, ɗanye ne mai karɓar umarni. Na dattijo ɗan shekara 50 ya riga ya ƙeƙashe.

Duk da haka ban ɗauki aikin a matsayin asara ba, wallahi ko kaɗan. Na farko ya koya mana cewa mutuwar ƙwayar ji ba ƙaddarar da ba ta da makawa ba ce, ana iya tare ta, kuma yanzu an san hanyoyin da za a bi, ana neman ƙananan magunguna da za su kwaikwayi aikin furotin ɗin ba tare da girmansa ba. Na biyu, waccan nasarar ta ceton jijiya da ta yi kama da rabin nasara tana da babban amfani ga na'urar ji da ake dasawa cikin katantanwa, don ita na'urar tsallake matattun ƙwayoyin gashi take yi ta taɓa jijiya kai tsaye, in jijiyar ta bushe ba abin da za ta taɓa. A 2014 masu bincike a Sidni ta Ostireliya suka yi amfani da wayar na'urar kanta suka tura umarnin yin BDNF cikin kunnen ɓeran Masar, jijiyoyin suka sake toho suka nufo wayar. Ga kuma tsuntsaye, tun 1988 aka tabbatar ɗan tsako in ƙwayoyin jinsa sun mutu sababbi na fitowa daga waɗancan masu tallafen, kifi ma haka, mu ne dai masu shayarwa aka rufe mana wannan ƙofa, kuma har yau ana neman makullinta.

A gefe guda wasu hanyoyin da ba su kai wannan ƙayatarwa ba sun riga shi isa. Jochen Schacht na Michigan da abokan aikinsa a birnin Shi'an na Chaina sun gwada asfirin kan mutum 195 da ake wa jenta, aka wallafa a 2006, cikin waɗanda suka sha asfirin kashi 3 cikin ɗari ne jinsu ya ragu, waɗanda ba su sha ba kashi 13. Amma dan Allah kada wani ya gwada da kansa, giram 3 ake ba su a rana ƙarƙashin kulawar likita, adadin da zai iya sa ciki zubar jini, kuma ba a ba yara shi. A Siyatil ta Amurka kuma an yi ta zuba dubban sinadarai kan 'ya'yan wani ƙaramin kifi mai zane don a ga wanne zai toshe waccan ƙofa dafin ya kasa shiga, har an samu wanda aka kai ga gwadawa a mutane. A 2022 Amurka ta amince da magani na farko na kare ji, amma na yaran da ake wa maganin daji mai suna sisfilatin ne, ba na waɗannan allurai ba.

Akwai kuma gado. A 1993 aka gano wani ɗan canji a cikin mitokondiriya da ke sa wasu mutane ko allura ɗaya aka yi musu ta iya kurumtar da su gaba ɗaya. Ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, kuma a binciken da aka yi a Ingila kusan mutum 1 cikin 500 na ɗauke da shi. A Manchesta sun ƙera na'urar da ake goga auduga a kumatun jariri ta ba da amsa cikin minti 26, in yana da shi a canza masa magani. Mu da ba mu da na'urar muna da tambaya, kuma kyauta ce: a dangin mahaifiyarka akwai wanda ya kurumce bayan allura? In akwai, faɗa wa likita kafin ya rubuta.

Babban abin da ya ceci kunnuwa a 'yan shekarun nan ma ba kariya ba ce, daina allurar ne inda aka samu madadi. Wani bincike a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu ya nuna fiye da rabin masu tarin fuka mai taurin kai da ake wa alluran nan sun rasa wani ɓangare na jinsu. A 2018 Afirka ta Kudu ta maye gurbin allurar da ƙwayar bedakwilin, a shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire kanamaisin daga jerin magungunan wannan tari, zuwa 2022 aka amince da haɗin ƙwayoyi na wata 6 ba allura ko ɗaya. Da ciwon kawu ya jinkirta da wasu shekaru, da mai yiwuwa yau yana jin faɗuwar allurarsa. Wannan tunanin yana yawan dawo min.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda muke wasa da jenta. Mutum na mura ko ƙaiƙayi ko an ce masa taifod ne ba gwaji, sai ya tafi kemis ya ce shi allura yake so don ita ce ke aiki, yaron shago ya fasa kwalba ya zuƙa, ba a auna nauyinsa ba, ba a san lafiyar ƙodarsa ba, alhali ƙoda ce ke fitar da maganin, in ta yi rauni sai ya taru a jini. NAFDAC ta haramta jenta mai ƙarfin miligiram 280 tun 2010 saboda illarsa ga kunne da ƙoda, amma ƙaramin ma in aka yi ta maimaita shi ai taruwa yake. Haɗarin na ƙaruwa in mutum ya tsufa, ko jikinsa ya bushe da gudawa, ko yana shan furosemaid na fitar da ruwa, ko yana zaune cikin ƙarar janareto da injin niƙa, haka ma ɗiga maganin kunne mai niyomaisin ko jenta a kunnen da dodonsa ya fashe ba tare da likita ya leƙa ba. Duk wanda ake wa allurar ya ji kunnensa ya fara kuka, ko ya toshe, ko ƙasa na juya masa, to ya faɗa a ranar, kada ya bari sai an gama.

Shi kawu daga baya mun kai shi an auna jin nasa. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki da abin sauraro a kunne, aka ba shi maɓalli ya riƙa dannawa in ya ji ƙara, ina kallonsa ta gilashi, da farko yana dannawa da sauri yana murmushi, can sai na ga mai awon yana ta murɗa na'ura shi kuma yana zaune shiru yana jira a fara. Da aka fito da takardar layin ya taho daidai daga hagu, yana zuwa dama ya gangara ƙasa, kunnuwan biyu iri ɗaya. Ya sa yatsa a wurin da ya gangara ya ce, "Likita, wannan da ya faɗi yana tasowa?" Mai awon ya matso gabansa sosai yadda zai ga bakinsa, ya ce, "Baba, ba ya tasowa, amma wanda ya rage za mu taimaka masa." Aka gwada masa na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne. Yanzu da ita yake aiki, ya kuma juya kekensa ya fuskanci ƙofar shago don ya riƙa ganin bakin mai shigowa.